Burauzar Intanet

Burauza manhaja ce da ake buɗe shafukan intanet da ita a kwamfuta ko a waya. Takan karɓi adireshin da aka rubuta mata, ta nemo kwamfutar da shafin yake ajiye a cikinta, ta ɗauko rubutu da hotuna da umarnin da ke tare da su, sannan ta jera su a fuskar na'ura yadda ido zai iya karantawa. Wasu marubutan Hausa na ce mata manhajar lilo, amma burauza ne sunan da ya fi yawo a bakin jama'a. Ana yawan rikita ta da shafin bincike. Chrome burauza ce, Google kuwa wurin neman bayani ne da ake shiga ta cikinta, ko da yake kamfani ɗaya ne ya mallake su.

Sunayen burauzoji suna da yawa, sai dai injinan da ke zana shafi a cikinsu uku ne suka rage masu tasiri. Blink shi ne na Chrome, kuma da shi Edge da Opera da Brave da Vivaldi da Samsung Internet suke aiki. WebKit na kamfanin Apple ne, shi ke cikin Safari. Gecko na Mozilla ne, shi ke tuƙa Firefox da Tor. Abin ya yi kama da manyan motocin katako, waɗanda kowane kafinta ya yi wa tasa bodi da ado, amma in an ɗaga murfin gaba sai a ga inji iri ɗaya. Bisa ƙididdigar StatCounter ta 2024, Chrome na riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na masu shiga intanet a duniya, Safari ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar ba, Edge na wajen kashi 5 cikin 100, Firefox kuma tsakanin kashi 2 da 3.

Dukansu kyauta ake ba da su, alhali gina burauza da kula da ita aiki ne na ɗaruruwan injiniyoyi. Saboda haka hanya mafi sauƙi ta gane nagartar kowace da aibinta ita ce a duba inda abincinta ke fitowa.

Asali da yaƙin farko

Tim Berners-Lee ne ya rubuta burauza ta farko a 1990 a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janiba, ya sa mata suna WorldWideWeb. Wadda ta fito da intanet daga hannun masana ita ce Mosaic, da aka yi a Jami'ar Illinois ta Amurka a 1993, domin tana nuna hoto a tsakiyar rubutu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi ta, Marc Andreessen, ya shiga kafa kamfanin da ya fitar da Netscape Navigator a 1994. A Netscape aka ƙirƙiro abubuwa biyu da har yau ake fama da su: kukis, wato 'yan ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a na'urar mai ziyara don ya gane shi idan ya dawo, da kuma harshen JavaScript wanda Brendan Eich ya rubuta a 1995.

A wannan shekarar ce Microsoft ya fito da Internet Explorer, daga baya ya dasa ta a cikin Windows ta yadda duk wanda ya sayi kwamfuta zai tarar da ita a zaune. Netscape ta kasa ja. Gwamnatin Amurka ta maka Microsoft a kotu a 1998, alƙali ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu a 2000, kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin a 2001, aka ƙare da sulhu. Kafin a kai nan kasuwa ta riga ta watse: a farkon shekarun 2000 fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shiga intanet da Internet Explorer suke shiga.

Abin da ya biyo baya shi ne misalin da ake kawowa duk lokacin da aka yi maganar haɗarin burauza ɗaya ta yi kane-kane. An fitar da Internet Explorer 6 a 2001, ba a sake fitar da sabuwa ba sai 2006. Cikin shekaru biyar ɗin nan masu kutse sun yi ta shiga ta ɓarakokinta, masu gina shafuka kuma suka koma yin aiki don ita kaɗai. A Koriya ta Kudu tsarin hada-hadar banki ta intanet ya ɗauru da wata fasahar Microsoft mai suna ActiveX, har aka yi shekaru masu yawa mutum ba ya iya biyan kuɗi sai da Internet Explorer. Tarayyar Turai ta tilasta wa Microsoft nuna wa masu Windows jerin burauzoji su zaɓa daga 2010, kuma ta ci shi tarar yuro miliyan 561 a 2013 da ya saɓa alkawarin. An yi wa Internet Explorer ritaya ranar 15 ga Yuni, 2022.

Chrome

Google ya fitar da Chrome a Satumba 2008, kuma ta zo da gyara na haƙiƙa. Kafin ita, in shafi ɗaya ya cije burauzar gaba ɗaya ce ke sandarewa. Chrome ta ware wa kowane shafi nasa ɗaki, ta kuma kulle shi a ciki, ta yadda in ya faɗi shi kaɗai zai faɗi, in kuma yana ɗauke da mugun umarni zai sha wuya kafin ya isa ga sauran abin da ke cikin kwamfutar. Injinta na sarrafa JavaScript, mai suna V8, ya yi wa na zamaninsa fintinkau. Ta haɗe wurin rubuta adireshi da wurin bincike suka zama guda, tana kuma sabunta kanta a ɓoye ba tare da ta jira izini ba. Zuwa 2012 ta sha gaban Internet Explorer. Ta fannin tsaro daga masu kutse har yanzu tana sahun gaba, kuma a 2021 aka koma fitar da sabon zubinta kowane mako huɗu. Wata fa'idar ba ta cikin manhajar take ba: tunda ita ce a hannun mafi yawan mutane, da ita masu gina shafuka ke fara gwada aikinsu, don haka da wuya a sami shafin da ya ƙi buɗewa a cikinta. Tana kuma fassara shafi nan take, kuma Hausa na cikin harsunan da manhajar fassarar Google ta ƙara a 2013.

Ɗakunan nan da ta ware su ne kuma tushen ƙorafin da aka fi yi a kanta, domin kowane ɗaki na cin rabonsa na ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM. Mai wayar da RAM ɗinta bai wuce giga ɗaya ko biyu ba ya san abin a aikace. Yana tsakiyar cike fom, an turo masa lambar tabbatarwa ta saƙon tes, ya fita ya duba, ya dawo ya tarar shafin ya sake lodi daga farko, sunan da adireshin da ya ɓata minti goma yana rubutawa duk sun tafi. Android ce ke rufe manhaja idan wuri ya ƙure mata, amma gwargwadon cin wurin manhaja gwargwadon saurin korarta. A kwamfuta ma haka, shafuka ashirin a buɗe sun isa su sa fanka ta kama gurnani. Google ya ƙara wa Chrome wani tsari da ke sa shafin da aka daɗe ba a taɓa ba ya yi barci, abin ya ragu, bai kau ba. Tsarin rage cin data da take da shi a waya kuwa an cire shi a 2022.

Babban aibinta yana wajen sirri. Mafi yawan kuɗin Google daga talla yake fitowa, talla kuma tana tsada ne idan an san wanda ake yi wa ita. Safari da Firefox sun daɗe da toshe kukis ɗin da kamfanonin talla ke bin mutum da su daga shafi zuwa shafi. Google ya yi alkawari a Janairu 2020 cewa zai yi haka cikin shekara biyu, ya yi ta ɗage ranar, a 2024 kuma ya janye. A daidai wannan lokaci ya sauya ƙa'idojin 'yan ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, da wani tsari mai suna Manifest V3. Kamfanin ya ce don tsaro ya yi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin irin waɗannan manhajoji sun sha zama hanyar sata. Sai dai sauyin ya fitar da cikakken zubin uBlock Origin, fitacciyar manhajar toshe talla, daga Chrome. A Android ma ba a iya liƙa wa Chrome komai tun asali.

Akwai kuma rashin fahimtar da ke tattare da Incognito. Wannan yanayi, da takwarorinsa a sauran burauzoji, yana hana ajiye tarihin shafukan da aka shiga a kan na'urar ne kawai. Yana da amfani ga wanda ya shiga imel ɗinsa a kafe ko a wayar aro. Kamfanin sadarwa da mai shafin da aka ziyarta kuwa suna ganin mutum sarai. An kai ƙarar Google a 2020 kan tattara bayanan masu amfani da Incognito, kuma a sulhun da aka bayyana a 2024 ya yarda zai goge biliyoyin bayanan da ya tara.

Safari da Edge

Safari ta fito a 2003, an gina injinta a kan KHTML na masu manhajar KDE. Apple na'ura yake sayarwa, don haka abin da ya dame shi shi ne batir ya daɗe, waya ta yi santsi a hannu, kuma nan Safari ta fi kowa a kan iPhone da Mac. Ita ce ta fara takura wa masu bin sawu da gaske, tun 2017. Amma ba ta fita daga gidan Apple: zubinta na Windows ya tsaya a 2012, ba ta taɓa zuwa Android ba. A iPhone sabuntawarta na tafe ne tare da ta wayar, wanda ke nufin tsohuwar waya tsohuwar burauza. Masu gina shafuka na kukan tana jan ƙafa wajen karɓar sababbin fasahohi, misali sai 2023 shafukan intanet suka sami damar turo sanarwa a iPhone, shekaru bayan Android. Masu suka na danganta wannan da kason da Apple ke karɓa daga manhajojin da ake saukewa a shagonsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Chrome ko Firefox da ke kan iPhone riga ce kawai, injin WebKit ne a ciki, domin dokar Apple ke nan. Sai a 2024 ya sassauta, shi ma a ƙasashen Tarayyar Turai, bayan doka ta tilasta masa.

Edge ta gaji Internet Explorer a 2015 da nata injin, bai yi kasuwa ba, Microsoft ya yar da shi ya koma kan Chromium, wato tushen Chrome da aka sake wa kowa, a Janairu 2020. Tana da kyau wajen karanta takardun PDF da karanta rubutu da murya, tana tattalin batir a Windows, tana kuma da wani yanayi da ke buɗe tsofaffin shafukan ofis waɗanda aka gina don Internet Explorer. Halin gidan ne dai bai bar ta ba. Tana cika fuska da labarai da tallan kayan Microsoft, Windows kuma na yawan yi wa wanda ya zaɓi wata burauza nacin ya dawo.

Firefox

Da Netscape ta ga faɗuwa ta zo, sai ta saki asalin rubutun manhajarta ga jama'a a 1998. Daga nan aikin Mozilla ya tsiro, aka kafa gidauniyarsa a 2003, Firefox ta farko ta fito a Nuwamba 2004. Ita ce ta karya babakeren Internet Explorer, har ta kai kusan kashi 30 cikin 100 a wajajen 2009 da 2010, kafin Chrome ta janye mata jama'a.

Ita kaɗai ce babbar burauzar da ba ta hannun ɗaya daga cikin manyan kamfanonin fasaha. Tun 2019 take toshe masu bin sawu ba tare da an nema ba, a 2022 kuma ta ware wa kowane shafi nasa tulun kukis, ta yadda wani ba ya leƙa na wani. Cikakken uBlock Origin na aiki a cikinta, har a Android, abin da ke rage cin data sosai tunda talla ma sauke ta ake yi. Wani alherin nata ya shafi masu tsofaffin kwamfutoci na hannu, irin waɗanda suka cika shagunan buga takardu: Chrome da Edge sun daina kula da Windows 7 a farkon 2023, Mozilla kuwa ta ci gaba da aika wa wani zubin Firefox gyaran tsaro bayan nan.

Rauninta biyu ne, kuma ɗaya na ciyar da ɗaya. Da yake masu amfani da ita sun yi kaɗan, wasu masu gina shafuka ba sa gwada aikinsu a kanta, sai a sami maɓallin da ya ƙi dannuwa ko shafin biyan kuɗi da ya tsaya cak, mai ita ya fusata ya koma Chrome, adadin ya ƙara raguwa. Ta yi babban garambawul a 2017 wanda ya ƙara mata sauri, amma keɓe shafuka irin na Chrome sai 2021 ta kawo shi a kwamfuta. Na biyun shi ne kuɗi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin shigar Mozilla daga Google yake zuwa, ladan sanya shi ya zama shafin binciken da Firefox ke buɗewa da shi. Wato abokin hamayyarta ne ke ciyar da ita, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A 2020 Mozilla ta sallami ma'aikata wajen 250 a karo ɗaya.

Opera Mini da masu ƙaramar data

Opera ta samo asali ne a kamfanin wayar Norway, Telenor, a tsakiyar shekarun 1990. A duniya ba ta taɓa zama babba ba, amma ƙanwarta Opera Mini, wadda ta fito a 2005, ita ce ƙofar da miliyoyin mutane a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka da Asiya suka fara shiga intanet ta cikinta, a kan ƙananan wayoyin Nokia masu maɓalli. Dabararta ita ce wayar ba ta zuwa shafin da kanta. Takan aika buƙata zuwa kwamfutocin kamfanin, su ɗauko shafin, su sarrafa shi, su rage nauyin hotuna, su matse shi, sannan su turo abin da ya rage. Kamfanin na cewa ragin na iya kaiwa kashi 90 cikin 100. A zamanin da ake sayen data da megabait goma-goma, sabis kuma na zuwa yana ɗaukewa, wannan ne ya sa karanta labaran BBC Hausa ko sakamakon ƙwallo a waya ya yiwu ga ɗalibi. Samarin wancan lokaci har da gyararrun zubinta suke turawa juna ta bulutut, suna neman kafar shiga intanet ba tare da an cire musu kuɗi ba.

Dabarar na da farashinta. A yanayin matsewa mafi tsanani, shafukan zamani masu motsi da yawa sukan wargaje, maɓallai su ƙi aiki. Sannan rufin asirin da ke tsakanin mai ziyara da shafi yana buɗewa ne a kwamfutocin kamfanin, tunda ba za su iya matse abin da ba su gani ba. Shi ya sa bai dace a shiga asusun banki ta wannan yanayi ba. Kamfanin ya watsar da injinsa Presto a 2013 ya koma kan Chromium, a 2016 kuma wasu masu zuba jari na Sin suka saye shi kan dala miliyan 600. Daga gidan nan ne OPay ta fito a Najeriya a 2018. Opera Mini ta yau cike take da labarai da talla da sanarwa, abin da ke cinye wani ɓangare na datar da ta rage. Abin da Opera ke kira VPN na kyauta kuma zirga-zirgar cikin burauzar kaɗai yake rufewa, ban da sauran manhajojin waya.

UC Browser, wadda Alibaba ya saya a 2014, ta bi irin wannan hanya, an so ta don saurin sauke bidiyo. Cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta wallafa a 2015 cewa tana aika bayanan masu amfani da ita ba tare da kyakkyawan rufi ba, Indiya kuma ta haramta ta a 2020 tare da wasu manhajojin Sin.

Ƙanana masu manufa ɗaya

Brave, wadda Brendan Eich ya fitar a 2016, tana toshe talla tun daga tushe, amma tana da nata tsarin talla da kuɗin kirifto, kuma a 2020 an kama ta tana ƙara lambar samun kamasho a adireshin wasu shafukan kirifto, ta ba da haƙuri. Vivaldi ta ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Opera ce, Jon von Tetzchner, an yi ta don masu son sauya komai da hannunsu. Tor ta fi su nisa. Takan bi da saƙo ta kwamfutoci uku daban-daban kafin ya isa, ta kuma sa masu amfani da ita su yi kama da juna a idon shafuka. 'Yan jarida da mazauna ƙasashen da ake toshe intanet na dogara da ita, har BBC ta buɗe shafi na musamman a kanta a 2019. Tana da nawa ƙwarai, shafuka da dama kuma na ƙin karɓar mai zuwa ta cikinta.

Shari'ar Google da makomar injina

A shari'ar da gwamnatin Amurka ta shigar kan Google a 2020 ne aka bayyana cewa Google ya biya Apple dala biliyan 20 a shekarar 2022 kaɗai, don ya zama shafin binciken Safari. A Agusta 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike ba bisa doka ba. Lauyoyin gwamnati suka nemi a tilasta masa sayar da Chrome, a kuma hana irin wannan biya. Mozilla, wadda ake zaton za ta yi murna, ita ce ta shaida wa kotu cewa yanke kuɗin na iya kashe Firefox. A Satumba 2025 alƙalin ya ƙi ba da umarnin sayar da Chrome, ya ƙyale a ci gaba da biyan kuɗin, ya dai hana yarjejeniyar da ke toshe wa wasu ƙofa.

Chromium ta sha bamban da Internet Explorer ta dā, domin kowa na iya karanta rubutunta ya gina tasa a kai, kuma ba ta tsaya cak ba. Duk da haka ma'aikatan Google ne ke yin mafi yawan aikin, su ke yanke abin da zai shiga, sauran masu hawa kanta kuma ko su bi ko su ɗauki nauyin riƙe nasu gyaran. Gina sabon inji ya yi tsadar da Opera da Microsoft duk suka haƙura da nasu. Wani ƙaramin aiki mai suna Ladybird, ƙarƙashin Andreas Kling, na ƙoƙarin rubuta inji daga tushe da kuɗin gudummawa, kuma masu shi sun ce ba za su karɓi kuɗin kowane shafin bincike ba. Sun sa 2026 a matsayin shekarar fitar da zubin gwaji na farko, a kan Linux da Mac.